Ƙusa Biyu a Hancin Bindiga

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan yaƙin Biyetnam ya san siffar nan, ko da bai san sunanta ba. Ga sojan Amurka tsamo-tsamo a fadamar shinkafa, baƙar bindiga a hannunsa, can kusa da hancin bindigar kuma wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku ya miƙe tsaye kamar dalar gyaɗa da aka ƙanƙance. Shekara 30 da ɗoriya wannan 'yar dala ce alamar M16. Mai zane ma idan zai fitar da kamannin bindigar a takarda, ita yake fara tsayarwa, sannan ya ƙara mariƙin nan na sama mai kama da hannun akwati. A hotunan sojojin ƙundumbala na Amurka na 'yan shekarun nan kuwa sai a neme ta a rasa. Hancin bindigar ya zama sumul, dogon murfin alminiyam ya lulluɓe bututun har kusan baki, madubin saiti ya haye bisa.

Sunan ƙarfen mazaunin saitin gaba. Abin da ke riƙe da shi ƙusa biyu ne kacal, kowacce ba ta cika inci ɗaya ba. Cire waɗannan ƙusoshi da mayar da su ya daɗe cikin ayyukan da ake bambanta gwanin gyaran bindiga da ɗan koyo a Amurka. Yau yawancin masu irin wannan bindiga za su yi shekaru da ita ba su taɓa ɗaga wa ƙusa guduma ba.

Asalin dalar daga tunanin masu ƙera jirgin sama ya fito. A lokacin, kamfanin ArmaLite da ke Hollywood a jihar Kalifoniya reshe ne na kamfanin jiragen sama na Fairchild, babban injiniyansa Eugene Stoner kuma mutum ne da ya saba da alminiyam da roba da lissafin rage nauyi. A tsakiyar shekarun 1950, da yake tsara bindigarsa AR-10, sai ya jera bututu da gindin bindigar a kan layi ɗaya, sak kamar sandar makiyayi. Tsofaffin bindigogi gindinsu a karkace yake zuwa ƙasa, shi ya sa idan aka harba hancin yake zabura sama. Ta Stoner kuwa tura kafaɗa take yi kai tsaye. Sai dai gyaran ya zo da nasa sharaɗin. Tunda kuncin maharbi yanzu yana kwance daidai da bututu, idonsa ya yi sama da shi, dole a ɗaga saitin ya tarar da idon. Aka ɗaga na baya a kan mariƙi, na gaba kuma aka gina masa hasumiya, har tsinin saitin ya kai wajen inci biyu da rabi sama da tsakiyar bututu. Jim Sullivan da Robert Fremont suka rage girman bindigar ta zama AR-15, kamfanin Colt ya saye haƙƙin ƙera ta a 1959, ta shiga hannun sojan Amurka da sunan M16 a farkon shekarun 1960, hasumiyar tana nan inda aka dasa ta.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikinta ɗaya ne, riƙe ɗan tsinin da ake saiti da shi. Ayyukanta sun fi haka yawa. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar huda a jikin bututu wadda faɗinta bai kai milimita biyu da rabi ba. Idan harsashi ya gifta ta, iskar albarushi mai zafi takan bi hudar ta hau cikin mazaunin, ta karya kwana, ta shiga wani siririn bututu da ke komawa baya, ta je ta tura injin bindigar ya tofar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Ke nan mazaunin shi ne maƙogwaron bindigar. A ƙasansa akwai ƙugiyar da ake saƙala wuƙar bakin bindiga, da zoben maratayi, a bayansa kuma faifan da ke tallafe da murfin hannu yake jingina. Ƙarfe ɗaya, ayyuka biyar. Idan ya motsa, duka biyar ɗin sun motsa.

Shi ya sa ba a yarda a ɗaure shi da sukuru ba. Aka zaɓi ƙusa mai tsukewa, wadda kanta ɗaya ya ɗan fi ɗayan kauri. A ma'aunin Amurka tsukewar rubu'in inci ce a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo, wato kashi ɗaya cikin 48. A ƙusar da ba ta cika inci ba, bambancin kai da kai wajen rabin milimita ne, abin da ido ba ya saurin kamawa sai an sa ma'auni. Wannan ɗan bambanci shi ne dukan ƙarfinta. Mai gyaran tsohon keke ya san dabarar, domin irinta ce ke riƙe da hannun feda: ƙarfe mai tsini da ake bugawa cikin rami, gwargwadon shigarsa gwargwadon kamunsa. Haka maƙeri ke sa ruwan fartanya cikin ƙota. Babu zare, babu gam, babu walda. Matsi ne kawai, kuma matsin yana bin tsawon ƙusar gaba ɗaya, ba wuri guda ba. Bututu ya yi zafi har ya ƙona hannu, ya huce, ya sake zafi, a buga gindin bindigar da ƙasa, a soki buhun atisaye da wuƙa, ƙusar tana nan.

Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda ake huda ramukan. Ba a zuwa da mazauni mai rami a haɗa shi da bututu mai rami. A masana'anta ana zura mazaunin a bututu, a daidaita shi a kan ma'auni har ya tsaya cak, a matse, sannan a huda su tare, ramin ya ratsa mazaunin ya ɗan gutsuri ƙasan bututun. Sai a bi ramin da wani ƙarfe mai kaifi da ke share shi ya ba shi tsukewa daidai da ta ƙusar. Daga ranar an ɗaura musu aure. Mazaunin wannan bututu ba lalle ya zauna daidai a wani bututun ba, ko da masana'anta ɗaya ta yi su a yini ɗaya, domin kowane rami da inda ya faɗa. Dalilin ke nan da ya sa sabon bututun soja yake zuwa da mazauninsa a jiki, a matsayin kaya guda. Bindigar da aka yi wa kirari da cewa kowane sashe nata zai shiga cikin 'yar'uwarta, a nan wurin ta ƙi.

Lissafin da ke bayan wannan taka-tsantsan ba shi da wuya. Tsakanin saitin baya da na gaba a doguwar M16 akwai wajen rabin mita. Idan tsinin gaba ya goce da milimita ɗaya, a nisan mita 100 harsashi zai kauce da santimita 20, a mita 300 kuma da santimita 60, faɗin da ya wuce ƙirjin mutum. Tunda hasumiyar doguwa ce, karkacewar digiri ɗaya a gindinta ta isa ta kai tsinin gefe da fiye da milimita. Maharbin da aka ba irin wannan bindiga zai yi ta murza saitin baya har ya kai ƙarshe, bai sami tsakiya ba. Idan kuma mazaunin ya zame har hudar iska ta rufe rabi, bindigar za ta harba ɗaya ta tsaya.

To, me zai kai mutum ga cire abin da aka dasa don kada ya cire? Amsar tana can gindin bututun. Babban notin da ke ɗaure bututu da jikin bindiga ta hanci yake shiga, ta hanci yake fita, mazaunin kuma ya tare hanya. Duk wanda ke son canja wannan noti, ko faifan murfi, ko ya zura murfin hannu mai ƙira ɗaya, sai ya fara sallamar dala.

A nan ake jin kan maza. Masu aikin sun san cewa ƙusar hanya ɗaya take fita, wadda ta shigo. Dole a gano siririn kan, a buga daga nan. A yawancin bututun da aka yi bisa tsarin soja siririn kan yana hagu, ƙusar ta fita ta dama, amma akwai masana'antun da suka juya, shi ya sa gwani ba ya dogara da abin da ya saba, sai ya auna. Wanda ya bugi kai mai kauri, ƙara ɗaure ta yake yi, kowane bugu yana nisanta shi da abin da yake nema. Ga kuma baƙin rufin da ake yi wa ƙarfe don kare tsatsa, wanda sau da yawa ake yi bayan an riga an buga ƙusoshin, ya bi ya liƙe bakinsu. Ƙara da shekarun zafi da gumi da man da ya bushe.

Kuskuren ɗan koyo kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yakan ɗora bututun a kan tebur mai laushi ko tsumma, ya ɗauki 'yar guduma da siririn tsinken ƙarfe, ya dinga ƙwanƙwasawa a hankali don tsoron ɓata bindiga. Teburin yana shanye bugun. Tsinken yana lanƙwasa ko ya zame ya karce ƙarfe. Ƙananan bugun nan kuwa ba sa motsa ƙusar, sai dai su baje kanta ya yi fatsa-fatsa kamar kan tsohon turke da aka daɗe ana duka, har ya fi ramin faɗi. Daga nan aikin minti biyar ya zama na yini, wani lokacin sai an kai ga injin huda. Gwani kuwa shimfiɗa yake fara gyarawa. Yana kwantar da mazaunin a kan abu mai tauri da ba ya motsi, wanda ya tallafe shi daf da ƙusar ya kuma bar mata wurin faɗawa, kamar yadda maƙeri ba ya dukan ƙarfe sai a kan uwar maƙera. Yana ɗaukar gajeren tsinke mai kauri da guduma mai nauyi. Bugu ɗaya ko biyu masu kyau, sautin ƙarfen ya canja, ƙusar ta saki. Da zarar ta motsa da kaurin farce, sauran tafiyar ba ta da wuya, domin tsukewar da ta riƙe ta ita ce kuma ke sakinta gaba ɗaya.

Tausayin da ɗan koyo yake ji shi ke ɓata ƙarfen. Mai ƙarfin halin buga sau ɗaya shi ke barinsa lafiya. Wannan ilimi ba ya shiga ta karatu sosai. A hannu yake zama, da kunne.

Mayarwa ta fi cirewa neman natsuwa. Gwani yakan ajiye ƙusoshin yadda ya cire su, ta gaba daban ta baya daban, domin kowacce ta saba da raminta. Yana goge bututun, ya duba ko akwai tsatsa a inda mazaunin ya zauna. Masu saye da suka san kan abin har tambaya suke ko an yi wa wannan ɓoyayyen wuri rufin kariya, domin a nan ake gane masana'antar da ke yin aiki don Allah da wadda ke yi don ido. Sai ya zura mazaunin, ya leƙa ramukan a haske har gefensu ya haɗu, ya sa ƙusoshin biyu da yatsa kafin ya buga ko ɗaya. Idan an yi daidai, ƙusar da kanta take jawo mazaunin ya koma ainihin inda masana'anta ta ajiye shi, saitin ya dawo kusan inda yake. Wannan ita ce falalar da sukuru ba shi da ita: ƙusa mai tsukewa tana tuna wurinta.

Shaidar ingancinta tana cikin tarihin bindigar. M16 ta sha zagi a Biyetnam. A 1967 kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki dalilin da ya sa take cijewa a tsakiyar faɗa, sojoji suna mutuwa da ita a hannu. Laifin ya faɗa kan canjin albarushi da aka yi, da rashin kayan goge bindiga, da ɗakin harsashi da ba a yi wa rufin da ke hana tsatsa ba. An gyara abubuwa da dama a cikinta. Dala da ƙusoshinta kuwa sun ratsa M16A1, sun shiga M16A2 a shekarun 1980, lokacin da aka ƙara wa gaban bututu kauri daga inci 0.625 zuwa 0.750, aka kuma canja tsinin saiti daga mai zagaye zuwa mai kusurwa huɗu. Sun kai har gajeriyar M4 da aka karɓa a 1994. Canjin da aka yi wa mazaunin a lokacin bai wuce ƙara masa tsawo da wajen milimita ɗaya ba, aka buga masa harafin F a gefe don a gane shi.

Waɗanda suka fara gano iyakar dalar ba sojojin fagen fama ba ne. Maharban gasa ne, irin masu taruwa kowace shekara a Camp Perry da ke jihar Ohio, inda ake gasar harbi ta ƙasa tun 1907. Mai gasa yakan naɗe maratayi a damtsensa ya ja da ƙarfi don bindiga ta tsaya cik. Amma zoben maratayin a jikin mazauni yake, mazaunin kuma a jikin bututu. Jan da yake yi yana ɗan lanƙwasa bututun, harsashi ya sauka wani wuri, gobe idan ja ya bambanta ya sauka wani wurin daban. Dokar gasar ta ce bindiga ta ci gaba da kama da ta soja a waje. Sai maƙeransu suka ɓoye bututun ƙarfe a ƙarƙashin murfin hannu, wanda ke kama gindi kawai ba ya taɓa bututun harbi, suka mayar da zoben maratayi kansa. Wasu ma suka cire ƙusoshin suka sa sukuru, don su iya murza mazaunin hagu ko dama har saitin baya ya tsaya a tsakiya. Nan aka dinga cire dala da gangan, da yawa, ba don ta lalace ba.

Siyasa ma ta taɓa ta. A watan Satumba na 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta hana ƙera wasu bindigogi masu kama da na yaƙi don farar hula, dokar kuma ta lissafa alamomin da ake gane su da su, har da ƙugiyar wuƙa. Masana'antu suka bi harafin dokar: suka goge ƙugiyar daga ƙasan mazaunin suka ci gaba da sayarwa. Shekara goma ana iya kallon hancin bindiga a yi hasashen zamanin da aka yi ta. A Satumbar 2004 wa'adin dokar ya cika, majalisa ba ta sabunta ba.

Abin da ya kayar da dalar da gaske shi ne madubi. A 1995 sojan Amurka ya tsayar da ma'auni guda na wani ɗan layin dogo mai tsaga-tsaga da ake shimfiɗawa a kan bindiga, wanda ya ɗauki sunan cibiyar makamai ta Picatinny da ke New Jersey. Mariƙin sama ya zama abin cirewa, dogo ya maye gurbinsa, kowane irin madubi ya sami wurin zama. Sojan ƙasa suka rungumi na kamfanin Aimpoint na Suwidin mai jan ɗigo, sojan ƙundumbalar ruwa suka ɗauki ACOG na Trijicon mai kusanto da abu sau huɗu. A titunan Iraƙi da duwatsun Afganistan matashin soja ya ga bambanci da idonsa. Tsohon saiti yana neman ido ya haɗa abu uku, ramin baya da tsinin gaba da abin hari, ya kuma tattara hankali a kan tsinin. Jan ɗigo abu ɗaya yake nema. Da magariba ko a cikin ɗaki mai duhu ba a ma haɗa su. Dala ta koma abin da ke tsaye a gaban madubi yana tare wani yanki na gani. Aka bar ta don ranar da batir zai mutu, daga baya aka ƙera ƙananan saituna masu naɗewa da ke hawa dogo, wannan hujjar ma ta tafi. A 2016 gasar Camp Perry kanta ta halatta madubi mai kusantowa har sau huɗu da rabi a rukunin bindigar soja. A 2022 sojan Amurka ya zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer don sojojin gaba, tare da madubi mai kwamfuta a ciki, babu dala a hancinta.

A kasuwar farar hula canjin ya fi sauri. Haƙƙin mallakar ƙirar Stoner ya ƙare tun 1977, bayan 2004 kuma masana'antu manya da ƙanana suka cika kasuwa da sassa. A wurin dala aka kawo ɗan guntun ƙarfe mai kwanciya, wanda aikinsa ɗaya tak, kai iska baya. Yana shiga ƙarƙashin dogon murfi ya ɓace. Sukuru biyu ke riƙe shi ta ƙasa, ko kuma a matse shi kamar zobe, a ɗiga gam a zaren. Ba guduma, ba uwar maƙera, ba sauraron sauti. Mutumin da bai taɓa shiga maƙera ba zai iya ɗaura shi a teburin cin abinci.

Gaskiya ce a faɗa, an ci riba. Bututun da babu abin da ke jansa ya fi daidaito. Murfi mai tsawo ya ba hannu wurin kamawa da wurin fitila. Ayyuka biyar da aka loda wa ƙarfe ɗaya an raba su, kowanne ya koma inda ya fi dacewa, wuƙar bakin bindiga kuwa dama ta daɗe da zama kayan fareti fiye da kayan yaƙi. Wanda ya ce tsohon tsari ya fi a komai, ƙauna ce ke magana a bakinsa.

Amma akwai abin da ya salwanta. Sukuru a wuri mai zafi da girgiza yana iya kwancewa, gam yana iya ƙonewa. Guntun ƙarfen ya zame kaɗan, iska ta ragu, bindiga ta tsaya, mai ita kuma ba ya ganin dalili domin murfi ya rufe wurin. Tsohuwar dala a fili take, ido yana kanta kullum. Bayan wannan akwai hasarar da ba ta cikin ƙarfe. Aikin ƙusa yana tilasta wa mutum ya je wurin wanda ya fi shi sani, ya tsaya ya kalla, ya ɓata ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya faɗa. Tsakanin mai son canja bindiga da canjin akwai wani mutum, mai shago da suna da lasisi, wanda ke ganin fuskar mai zuwa. Sauƙin haɗawa ya rage masu bi ta wannan ƙofa. Ba daidai ba ne a ɗora wa sukuru biyu alhakin abin da ya faru a makarantar Sandy Hook a 2012, ko Parkland a 2018, ko Uvalde a 2022, inda aka kashe yara da bindigogi irin wannan ƙira. Amma ba daidai ba ne kuma a ba da labarin yadda bindigar soja ta zama kayan haɗe-haɗe mai araha a miliyoyin gidaje a yi shiru a kan waɗannan sunaye. Labari ɗaya ne, ta fuska biyu.

Mai karatu a ƙasar Hausa ya fi sanin wata siffar, kuma ya san ta ta hanya mai ɗaci, daga shingen hanya da labaran ƙauyukan da aka tasa. Bindigar Mikhail Kalashnikov ma tana da nata mazaunin saiti a can bakin bututu, an danna shi da matsi an kuma soke shi da ƙusa biyu, sai dai nata miƙaƙƙu ne, ba masu tsukewa ba. Hanyar iska kuwa an ba ta wani ƙarfe daban a baya. Idan mazaunin ya ɗan karkace, tsinin yana zaune a kan wani ɗan gungu da ake turawa hagu ko dama a gyara. Stoner ya nemi a dasa daidai tun farko, Kalashnikov ya bar wa kuskure wuri. Mutanen biyu sun haɗu a Amurka a 1990, tsofaffi, kowanne ya riƙa bindigar ɗan'uwansa ya jujjuya. Stoner ya rasu a 1997, Kalashnikov a 2013. A kan abu ɗaya ƙirarsu ta yi ittifaƙi: ƙarfen da ke riƙe saiti a bututu mai zafi, ƙusa ake ratsa shi da ita.

Ƙusar kuwa ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Masana'antun da ke ƙera wa sojoji da 'yan sanda, da maƙeran da ke tsoron sunansu, da yawansu sun koma huda ɗan guntun ƙarfen nan tare da bututu suna soka masa ƙusa, ko da akwai sukuru a ƙasa. Mai saye da ya san abin da yake nema yakan tambaya ko an soke, ya biya ƙari. Akwai ma dabarar da ta fi wannan nuna inda zukatan masu aikin suke. Mutum zai kawo tsohon bututu mai dala, yana son dogon murfi na zamani. Maƙerin ba zai jefar da mazaunin ba. Zai fitar da ƙusoshin, ya sa zarto ya yanke hasumiyar daga sama, ya yanke ƙugiyar wuƙa da zoben maratayi daga ƙasa, ya bi da magagari har abin da ya rage ya zama ɗan dunƙule mai santsi, ya baƙanta inda ya goge don kada ya yi tsatsa. Sai ya zura shi a bututunsa na asali, ya leƙa ramukan a haske, ya ɗauko ƙusoshin nan biyu, ta gaba a gaba, ta baya a baya, ya buga. Murfin alminiyam ya sauko ya rufe su.